Wata Goma Sha Huɗu a Ɗakin Rawaya

Wata ranar Talata da hantsi, Ilda Fagundes tana cikin ɗan lambunta tana tsinke busassun ganyen kabeji, wayar ɗakin girki ta fara ƙara. Ba ta yi gaggawa ba. Tun rasuwar mahaifiyarta shekara biyu da suka wuce, masu bugo waya gidan nan na unguwar Alum Rock da ke San Jose iri biyu ne: masu tallan gyaran rufi, sai kuma Lurdes matar ƙanenta, ita kuwa Lurdes ranar Lahadi take bugowa. Wayar ta ƙi yin shiru, dole ta goge hannu a jikin riga ta shiga ta ɗauka.

"Mis Fagundes? Sunana Brent Halloran, lauya ne ni. Ke ce I. M. Fagundes da ke kan takardar mallakar ƙirƙira ta kamfanin Berryessa?"

"Ai kamfanin ya mutu."

"Kamfanin ya mutu, amma takardar tana nan da ranta."

Ya yi mata bayani a gurguje, kamar mai karantowa daga takarda. An sayar da Berryessa, wanda ya saya shi ma ya sayar, har takardun suka faɗa hannun wani kamfani na Colorado, wanda shi yake wa aiki. Su ne yanzu suka kai wani kamfani na Minnesota ƙara, cewa yana amfani da dabarar ba izini. Na Minnesota kuwa suka ce tun farko ba a yi daidai ba da aka ba da takardar, don dabarar a fili take, duk wanda ya san sana'ar zai iya gano ta. Sunaye biyu ne a kan takardar. Na farkon, Dakta Rusk shugaban sashe, ya rasu. Saura ita.

"A fili take," in ji Ilda, tana maimaitawa a hankali.

"Haka suka ce. Kalmar doka ce kawai, kada ta dame ki."

Ta ce ba ta dame ta ba. Da ta ajiye wayar kuwa, ta daɗe tsaye a gaban famfo ba ta kunna shi ba.

Shekara goma sha bakwai ta yi a Berryessa. Tana 'yar shekara goma sha biyar iyayenta suka baro tsibirin Faial, ta fara aiki a masana'antar gwangwanin 'ya'yan itace kamar sauran matan unguwar, daga nan ta koma haɗa wayoyi, ta riƙa zuwa ajin yamma har ta sami 'yar takardar da ta shigar da ita ɗakin rawaya. Haka ma'aikata ke kiran ɗakin da ake ƙera ɗan abin da ake kira kai, wanda ke rubutu da karatu a faifan kwamfuta, saboda fitilunsa duk rawaya ne. Mutum ya shiga sai ya lulluɓe tun daga gashi har tafin ƙafa, idanu kaɗai a waje. Shi kan bai wuce ƙwayar riɗi ba, ana ƙera dubbansa a faranti guda. A cikinsa akwai naɗin jan ƙarfe da ya fi gashi siranta, a kwance tsakanin falle biyu na ƙarfen maganaɗisu, kuma ba a yarda su taɓa juna ba ko kaɗan. Abin da ke raba su wata shimfiɗa ce ta danƙo, ana zuba ta a gasa a tanda har ta taurare. Wannan shimfiɗar ita ce aikin Ilda.

A 1986 aka ƙara yawan naɗin, sai danƙon ya fara tsagewa. A kowane kai goma, shida shara. Aka haɗa ta da Emmett Kovarik, wani dogon mutumin Nebraska mai digirin dakta, aka ce su nemo mafita. Ba a taɓa jin ya kira ta Ilda ba, sai Fagundes, ita kuma tana ce masa Dakta, rabi girmamawa rabi tsokana. Kullum da rana suna zama a matakalar inda ake sauke kaya, shi da burodinsa mai niƙaƙƙiyar gyaɗa, wanda bai taɓa sauyawa ba, ita da miyarta a ɗan kwano. Zancensu bai wuce zafin tanda da kaurin danƙo ba, sai jefi-jefi matarsa Joanne, ko ciwon ƙafar mahaifiyar Ilda. Ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu da ya wuce haka. Amma a duk duniya shi kaɗai ne za ta ce wa "ya sake ɗagowa ta gefe" ya gane nufinta, ya ajiye burodinsa.

A wata na goma sha ɗaya ya gaji. Wata jami'a a Arizona ta ba shi aiki, ya tafi. Bayan wata uku Ilda ta gano mafitar ita kaɗai: a fara shimfiɗa wani farin sinadari mai tauri da ake kira alumina, siriri sosai, sannan danƙo a kai, sannan a gasa ba a lokaci guda ba, a hawa uku, a tsaya awa biyu a hawa na tsakiya. Emmett ya aiko da katin taya murna. Katin Kirsimeti ma ya zo shekara uku a jere, daga nan shiru. A 1995 aka kwashe aikin aka kai Penang, can ƙasar waje, aka ba ta agogon bango da takardar godiya, ta dawo gida jinyar uwa.

Ranar Alhamis ta je ofishin Halloran a tsakiyar San Jose. Mutum ne mai fara'a da saurin magana, ya kawo mata kofi da kansa. Ya baje takardu biyu a gabanta.

"Ga makamansu. Wannan tsohuwar takardar mallaka ce ta nan ƙasar, tana zancen alumina. Wannan kuwa ta Japan ce, tana nuna danƙo a kan wata shimfiɗa mai tauri. Sun ce ka haɗa ta farko da ta biyu, ka sami dabararki. Kamar ɗaya da ɗaya biyu."

Ilda ta jawo ta Japan ɗin. Zanen ta fara gani, ta gane shi kamar fuskar tsohon maƙwabci.

"Na san wannan. Emmett ne ya kawo fassararta, a wata na huɗu ko na biyar. Mun gwada."

Halloran ya ajiye alƙalaminsa. "Kun gan ta kafin ki gano dabarar?"

"Ta yi wata shida a liƙe jikin bangon ofishinmu."

"Mis Fagundes, shekara goma sha biyu ke nan fa." Ya sassauta murya. "Ni ba zan taɓa ce miki ki faɗi abin da ba haka ba. Abin da nake cewa, idan mutum bai tabbatar da abu ba, ba laifi ya ce bai tuna ba. A doka, kin gani ko ba ki gani ba bai kamata ya sauya komai ba. Amma alƙali mutum ne. Ya ji cewa takardar tana liƙe a bangonki, shi ke nan hoton da zai zauna masa."

"Ai na tabbatar."

"To." Ya ɗan yi murmushi, ya tattara takardun. "Akwai kuma wani abu da gara ki ji daga bakina. Masanin da suka ɗauko ya ba da ra'ayi a kan dabarar, Farfesa Kovarik ne. Mun nemi a hana, tunda ya taɓa aiki a kamfanin, alƙali ya ƙyale shi. Zai zauna a ɗakin ranar da za ki ba da shaida."

Abin da ya ba Ilda kunya daga baya, ko da ita kaɗai ta sani, shi ne farin ciki ne ya fara zo mata. Za ta ga Emmett. Sai da ta kai mota sannan sauran maganar ta iso ta.

Halloran ya ba ta kwafin rahotonsa, shafi sittin. Ta zauna a teburin ɗakin girki da la'asar tana bi layi-layi da yatsa. Rubutun nasa ne sak, har da yadda yake son jero dalilai uku ko da biyu sun isa. A shafi na talatin da takwas ta ci karo da jumlar. Ya rubuta cewa ma'aikacin ɗakin gwaji na yau da kullum, idan yana da takardun nan biyu, gwajin 'yan makonni zai kai shi ga wannan sakamako. Ta karanta sau uku. Ta tashi ta wanke kofin da ta riga ta wanke, ta dawo ta tarar jumlar tana nan inda ta bar ta.

Ranar Lahadi, bayan coci, ta bi ta gidan Lurdes ta ce a gyara mata gashi. Lurdes ta yi shekara talatin tana wannan sana'a kafin gwiwa ta zaunar da ita, amma bakinta bai zauna ba.

"Yau kuma? Ke da kika ce gashi ai hula ke rufe shi. Kotu za ki ko biki?"

"Ba kotu ba ce, ofishin lauya ne. Za a rantsar da ni a yi mini tambayoyi."

"A kan me? Kin kashe wani ne ba mu sani ba?"

"A kan aikina na da."

"Wai wannan na gasa ƙwayar riɗi?" Lurdes ta juya mata kai gefe da yatsa biyu. Mana take kiranta, wato 'yar'uwa da harshen tsibirinsu. "Mana, ni fa har yau ban gane abin da kika yi shekara goma sha bakwai kina yi ba. Ƙanenki ya ce kwamfuta kike ƙerawa, Mama kuwa, Allah ya ji ƙanta, ta mutu tana gaya wa mutane a asibiti kike aiki, saboda fararen kayan nan. Akwai namiji a cikin maganar?"

"Akwai lauyoyi."

"Lauya ba namiji ba ne, lauya lauya ne. Zauna daidai kada in yanke miki kunne."

Ilda ta yi dariya, ta so ta ba ta labarin shafi na talatin da takwas, amma ta rasa ta inda za ta faro. Sai an fara da naɗin jan ƙarfe, kuma kafin a kai ga danƙo Lurdes ta koma zancen jikokinta. Ta bar shi a cikinta.

An sa ranar Laraba, ƙarfe tara. Ɗaki ne mai dogon tebur a hawa na goma sha ɗaya. Ga mai ɗaukar hoto, ga wata mata mai ɗan keken rubutu da ke ɗauke duk kalmar da aka furta. Lauyar kamfanin Minnesota, Misis Adelman, gajeriya ce mai furfura, ta gaishe ta da ladabi. A ƙarshen tebur kuwa ga Emmett. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ga ɗan abin ƙara ji a kunnensa na hagu. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya ɗan sunkuyar da shi, ita ma haka. Halloran ya riga ya gargaɗe ta cewa ko gaisuwa kada ta wuce ta ido.

Aka rantsar da ita. Awa biyu na farko duk tarihin aiki ne: yaushe ta shiga, wa ke sama da ita, wane karatu ta yi. Da Misis Adelman ta tambayi digirinta, ta ce ba ta da shi, ta ga matar ta rubuta wani abu. Sai wajen sha ɗaya da rabi aka turo mata takardar Japan.

"Kin taɓa ganin wannan kafin watan Afrilun 1987?"

Halloran bai dube ta ba, yana juya alƙalami a hannu.

"Na gani."

"Kin karanta?"

"Na karanta fassarar har ta yage a wajen naɗi."

"Ke nan lokacin da kika gano abin da kike kira dabararki, kin riga kin san ana iya ɗora danƙo a kan shimfiɗa mai tauri."

"Na san an zana shi a takarda. Mun yi yadda suka zana, faranti arba'in da ɗaya, ba wanda ya..."

"E ko a'a nake so, Mis Fagundes."

"Ki bar ta ta gama amsarta," in ji Halloran.

Misis Adelman ta buɗe hannu alamar bismilla. Ilda ta gyara zama. Ba ta shirya jawabi ba, amma abin yana nan a jere a kanta kamar jiya aka yi. Ta ce danƙon ba ya kama jikin alumina. Idan an gasa da zafi sosai, sai ya tsuke ya ɗago ta gefe kamar ɓawon ciwo. Idan an rage zafi, sai ya ƙi taurarewa, ya narke a mataki na gaba. Sun sauya kauri, sun sauya danƙo sau huɗu, sun wanke farantin da duk abin da ake wankewa da shi. Na arba'in da ɗaya ya fito lafiya daga tanda, suka yi zaton an gama, har aka sayo kek. Bayan kwana biyu suka leƙa ta madubin ƙara girma suka tarar ya tsage tun daga wannan gefe har wancan. Tana faɗin haka ta kalli ƙarshen tebur ba da niyya ba. Emmett yana kallon hannuwansa.

"Daga nan fa?" in ji Misis Adelman.

"Daga nan aka cire takardar daga bango. Na ci gaba. A na saba'in da shida, tanda ta lalace ana cikin gashi, zafin ya tsaya a tsakiya kusan awa biyu kafin mai gyara ya zo. Ya kamata in zubar da farantin. Ban zubar ba, na ƙarasa shi don in gani. Bai ɗago ba. Sai na yi wata biyu ina neman dalili, da kuma daidai inda ya kamata a tsaya."

"Wato sa'a ce."

"Lalacewar tandar sa'a ce. Ta sha lalacewa a hannun mutane da yawa."

Matar mai keken rubutu ta ɗan ɗago kai ta mayar. Misis Adelman ta buɗe wani shafi. Haka aka ci gaba har ƙarfe huɗu da rabi, ana komawa kan tambaya ɗaya ta fuska biyar. Da aka tashi, Halloran ya raka ta bakin lif, ya ce ta yi ƙoƙari, amma fara'ar ta ragu, hankalinsa yana kan wayar da zai buga Colorado.

A wurin ajiye motoci ta tarar da Emmett tsaye kusa da tsohuwar motarta, jaka a hannu.

"Har yanzu wannan akwalar, Fagundes?"

"Tana tafiya, Dakta. Ba a hana ka magana da ni ba?"

"An hana. Na ce musu zan je in sha iska." Ya sauya jakar zuwa ɗaya hannun, ta lura hannun damansa yana ɗan rawa. "Ya Mama?"

"Ta rasu. Shekara biyu."

"Ban ji ba. Allah ya ji ƙanta. Joanne ma, bara, watan Oktoba."

"Ayya. Ban ji ba ni ma. Allah ya ba ka haƙuri."

Wata mota ta wuce su a hankali tana neman hanyar fita.

"Ban san labarin lalacewar tanda ba," in ji shi.

"Ina za ka sani? Ka tafi." Ba ta yi niyyar ta fito da zafi haka ba, amma tunda ta fito sai ta ƙarasa. "Gwajin 'yan makonni, Emmett? Kai ka yanka kek ɗin nan. Kana tsaye a bayana lokacin da na leƙa madubi."

Shi ne karo na farko da ta kira sunansa a gabansa. Ya ɗan runtse ido.

"Ba ke nake nufi ba. Doka tana da wani mutum nata na ƙage, wanda ya karanta duk takardar da aka taɓa bugawa, ba ya gajiya, ba ya mantuwa. Shi aka tambaye ni a kai."

"Ka taɓa ganinsa a ɗakin rawaya?"

"A'a."

"Ni dai kai na gani, da digirinka, wata goma sha ɗaya."

"Gaskiya ne." Bai yi musu ba, kuma hakan ya fi ba ta haushi. "Amma ki ji, abin da na rubuta na yarda da shi. Gashi hawa-hawa tsohon abu ne a wasu sana'o'in. Da ba ki gano ba, da wani ya gano a Osaka ko Minneapolis kafin shekara ta zagayo. Na koyar da wannan abin shekara goma. Yanzu idan na zana wa ɗalibai a allo, ba wanda ke mamaki, har ni kaina. Na manta yadda yake kafin a sani. Yau da kike magana ne na tuna."

"To za ka gyara rahoton?"

"Zan cire kalmar makonni. Sauran zan bar shi."

Ta gyaɗa kai. Ta san shi, ko a da ba ya ba da fiye da abin da ya yarda da shi. Fushin da ta taho da shi ya rasa wurin zama. Abin da ta gani a gabanta tsoho ne mai babbar riga, wanda shi ma zai koma gidan da ba kowa.

"Akwai miya a gida," ta ce. "Minti goma sha biyar ne daga nan."

Ya dubi agogonsa, ya dubi ginin da suka fito. Ta ga yana so.

"Jirgina ƙarfe bakwai. Kuma idan suka ji, za su ce mun haɗa baki, ke ma abin zai shafe ki. Sai an gama shari'ar, Fagundes. Ina zuwa nan taro lokaci-lokaci."

"To, sai an gama."

Ya miƙo hannu suka gaisa, ya koma ciki. Ta shiga mota ta bi titin Santa Clara cikin cunkoson tashi daga aiki. Da ta isa gida ta ɗumama miyar, ta ci a tsaye, ta juye sauran a roba.

Shari'ar ta ci wata goma sha ɗaya. Ba a sake kiranta ba, hoton shaidarta aka nuna wa alƙali. Halloran bai bugo ba, sakatariyarsa ce ta aiko da ambulan mai kauri da 'yar wasiƙa layi uku. Ilda ta karanta hukuncin kamar yadda ta karanta rahoton, da yatsa. A cikin da'awa bakwai, wato abubuwan da takardar mallakar ta ce nata ne, alƙali ya soke shida, ya ce haɗa alumina da danƙo a fili yake, ya kuma kafa hujja da cewa ita kanta mai ƙirƙirar ta shaida takardar Japan tana liƙe a bangonta. Ya bar ta bakwai, wadda ke zancen tsayawa awa biyu a hawa na tsakiya. Ya ce ba inda tsofaffin takardun suka nuna wannan, kuma faranti saba'in da biyar da suka lalace shaida ne cewa ba a bakin hanya aka tsince shi ba. A wuri biyu an rubuta sunanta da kuskuren harafi. Wasiƙar sakatariyar ta ƙara da cewa kamfanonin biyu sun sasanta a tsakaninsu, tunda dai na Minnesota ya daina gasa danƙo ta wannan hanya, an koma wata dabara dabam.

Da Lurdes ta bugo ranar Lahadi, Ilda ta gaya mata an yanke hukunci.

"To wa ya ci?"

"Sun ɗauki shida, an bar mana ɗaya."

"Ke nan an cinye ku."

"Ɗayar ce tawa."

"Oho. To madalla, Mana. Kin ga, ranar Asabar ana yankan nama a zauren coci saboda bikin wata mai zuwa, kuma hannu ya yi mana kaɗan. Kada ki ce mini kina da aiki."

Ta ce za ta zo.

Washegari ta zauna ta rubuta wa Emmett wasiƙa. Ta yage biyu kafin ta uku ta tsaya. Ba ta yi zancen hukuncin ba sai layi ɗaya. Ta gaya masa ainihin zafin da ake tsayawa a kai, don a rahotonsa ya yi kuskure da digiri goma, ta ce an gama shari'a, idan taro ya kawo shi ga lambar gidan. Ta aika ta adireshin jami'ar. Bayan mako uku wata ma'aikaciyar sashen ta aiko mata da ɗan kati, cewa Farfesa ya yi ritaya saboda rashin lafiya, ya koma wurin 'yarsa a Oregon, amma an tura masa wasiƙar can.

Amsa ba ta zo ba a watan, ba ta zo ba a na bayansa. Ilda ba ta san ko wasiƙar ta isa ba, ko ta isa rawar hannun nan ta hana shi rubutu, ko kuwa ya karanta ya ajiye. Ta yi tunanin neman lambar 'yar, har ta ɗauko takarda za ta tambayi jami'ar, sai ta ga ba ta san abin da za ta ce wa yarinyar ita wace ce ba.

Ranar bikin aka sa ta a layin masu rabon abinci, tsakanin Lurdes da wata tsohuwa kurma. Mutum fiye da dubu suka ci a zauren, zama huɗu. Tun safe take yanka burodi tana jerawa a kwanuka, ana zuba romo da nama a kai, ana wucewa da su. Da aka sallami zama na ƙarshe, matan suka zauna cin nasu, ana ta hirar wanda ya yi aure da wanda ya koma tsibiri. Ta ci kaɗan, ta taya su wanke tukwane. Ƙanenta ya ce ta bari ya kai ta gida, ta ce ta zo da motarta.